Layi ko aljihu: asibitin Ingila da na Amurka ga uwar da za ta tafi da yaro mai sikila

'Yar yayata nas ce. Shekararta takwas tana aiki a ɗakin yara na wani asibitin gwamnati, kuma ɗanta na fari, mai shekara shida, yana da sikila. Kwanakin baya ta same ni da takardu biyu a hannu. Ɗaya daga wani asibiti a arewacin Ingila, ɗayar daga wani kamfani da ke kai ma'aikatan jinya jihar Texas a Amurka. Albashin da aka rubuta a ta Amurka ya ninka na Ingila sau biyu har da ɗori. Ta ce, "Kawu, in don kuɗi ne ai magana ta ƙare. Amma yaron nan fa? Ranar da ciwon ya tashi da tsakar dare, ina ne ba zan yi kuka biyu ba?"

Tambayar nan tata ita ce gardamar da Turawa suka yi kusan shekara tamanin suna tafkawa: gwamnati ce ya kamata ta riƙe asibiti ta biya likita daga haraji, ko a bar magani a kasuwa, kowa ya saya daidai ƙarfinsa, gasa ta daidaita farashi? Masu kare kowane ɓangare sun iya baki. Ni abin da na lura da shi, babu ƙasar da ke ba kowa duk maganin da yake so a ranar da yake so. Likitoci ba su isa ba, gadaje ba su isa ba, kuɗi bai isa ba, dole sai an yi rabo. Ingila tana nata rabon da layi. Amurka tana nata da aljihu, da kuma katin inshorar da ke cikin aljihun. Mai zaɓe sai ya duba wanne gidansa zai iya ɗauka.

Tsarin Ingila, wanda ake kira NHS, ya fara aiki ranar 5 ga Yuli 1948, shekara uku bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasar tana cikin bashi iya wuya, ana sayen abinci da kati. Ministan lafiya na lokacin, Aneurin Bevan, ɗan mai haƙar kwal ne daga garin Tredegar a yankin Wales, shi kansa tun yana yaro ya shiga ramin kwal. A garinsu ma'aikata suna da wata ƙungiya: a cire wa kowa 'yan kwabbai daga albashi a tara, duk wanda ya kwanta ciwo a biya masa likita. Adashi ne, sai dai ba a san mai ɗauka ba sai ranar da ciwo ya nuna shi. Bevan ya ɗauki wannan ya shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya, gwamnati ta karɓe asibitoci, aka ce kowa ya zo a duba shi ba tare da an tambaye shi ko sisi a bakin ƙofa ba. Likitoci sun turje. Sai da ya yarje wa manyansu su ci gaba da ganin masu biya a gefe kafin suka sauko, daga baya shi da bakinsa ya ce cika musu baki ya yi da zinariya. Ba a cika shekara uku ba kuɗi ya fara gazawa. A 1951 aka ɗora kuɗi a kan tabarau da haƙoran roba, Bevan ya yi fushi ya fice daga gwamnati. Wato ƙarancin kuɗin NHS ba yau ya fara ba, da shi aka haife shi.

Ga yaron 'yar yayata, ga yadda abin zai kasance. Za ta yi masa rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, shi ne ƙofar shiga, shi zai tura shi wurin ƙwararrun likitocin jini. Ganin likita, gwajin jini, hoton jijiyoyin kai da ake yi wa yara masu sikila duk shekara don gudun shanyewar jiki, ƙarin jini, kwanciya a gado na kwana goma, motar asibiti da tsakar dare, duk babu takardar biyan da za ta biyo ta gida. Magani ga yaro ɗan ƙasa da shekara 16 kyauta ne. Babba a Ingila yana biyan fam 9.90 a kan kowane magani ɗaya da likita ya rubuta, ko ya biya fam 114.50 na shekara guda ya huta. Masu ciki, da waɗanda suka kai 60, da masu ciwon daji, da masu ciwon suga da ke shan magani ba sa biya. Abin haushi, sikila ba ta cikin jerin cututtukan da aka yafe, don haka in ya girma zai biya. A Scotland da Wales kuwa babu mai biya gaba ɗaya. Baƙo da ya zo da biza yakan biya fam 1,035 a shekara na lafiya tun kafin ya shigo, amma masu bizar aikin asibiti da iyalansu an ɗauke musu wannan.

To ina illar? Layi. A watan Satumba 2023 jerin jiran magani a Ingila ya kai kimanin miliyan 7.7, mafi yawa a tarihinsu. Ƙa'idarsu ita ce kashi 92 cikin ɗari na waɗanda aka tura wurin ƙwararre su fara samun magani cikin mako 18. Rabon da a cika wannan alkawari tun 2016. A sashen gaggawa ƙa'ida ita ce a sallami mutum ko a ba shi gado cikin awa huɗu, ita ma tun 2015 ba a cika ta ba. Tsoho mai ciwon ƙugu zai iya yin shekara yana ɗingishi kafin a kira shi tiyata. Mutane kan dira kan waya da ƙarfe takwas na safe suna rige-rigen samun ganin likitan unguwa, kafin ka ankara an ce yau ta cika. Likitan haƙori na NHS a wasu garuruwa nemansa ake kamar ruwa a jallo. Gadajen asibiti da na'urorin ɗaukar hoto sun yi musu kaɗan in aka gwada da Jamus ko Faransa, kuma a wasu nau'o'in ciwon daji marasa lafiya a Amurka sun fi na Ingila kai shekara biyar a raye, jinkirin gano ciwon yana daga cikin dalilan.

Kuma kada 'yar yayata ta ɗauka kyauta tana nufin kulawa. A 2019 wani saurayi mai sikila ɗan shekara 21 ya rasu a wani asibiti a Landan, bayan ya kira lambar agajin gaggawa daga kan gadon asibitin saboda ya rasa mai sauraronsa. A 2021 wani kwamitin 'yan majalisa ya fitar da rahoto da ya nuna ana jinkirta wa masu sikila maganin kashe zafi, ma'aikata da yawa ba su san ciwon ba, kuma launin fata yana da hannu a ciki. Masu sikila a Ingila kimanin 17,000 ne, akasarinsu a Landan, sai Birmingham da Manchester. Ƙwarewar tana inda suke. A ƙaramin gari can arewa, tana iya tarar da likitan dare wanda bai taɓa riƙe mai sikila ba, ita da ta riƙe ɗaruruwa a gida ta fi shi sanin abin da ke gabansa. Har jinin da ya fi dacewa da su ƙaranci yake, kullum hukumar jini tana roƙon baƙaƙen fata su fito su bayar.

Amurka ba zama aka yi aka tsara nata ba, faɗowa ya yi. A lokacin yaƙi, a 1942, gwamnati ta hana kamfanoni ƙara albashi don kada kaya su yi tsada. Ma'aikata sun yi ƙaranci, sai kamfanoni suka koma jan hankalinsu da inshorar lafiya, tunda ita ba a lissafa ta a albashi ba. A 1954 dokar haraji ta tabbatar cewa ba a cire haraji a kanta. Shi ke nan, lafiyar mutum ta ɗaure da wurin aikinsa har yau. Shugaba Harry Truman ya nemi a yi inshorar ƙasa ta kowa da kowa a 1945, ƙungiyar likitocin Amurka ta zuba kuɗi ta yaƙe shi, ta laƙaba wa shirin sunan gurguzu, a zamanin da wannan kalma kaɗai ta isa ta kashe magana. Sai a 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan Medicare na tsofaffi 'yan 65 zuwa sama, da Medicaid na matalauta. Ya je har garin Truman a Missouri ya sa hannun, ya miƙa wa tsohon katin farko.

Yadda za ta tarar a Texas ya danganta kacokan da irin inshorar da mai aikinta ya saya. A 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ta wurin aiki ya kai dala 25,572 a shekara. Mai aiki ne ke biyan kaso mafi girma, ma'aikaci kuma a cire masa sama da dala 6,000 daga albashi. Wannan kuɗin riƙe kati ne kawai. Bayansa akwai abin da suke kira didaktibul, wato kuɗin da za ka fara kashewa daga aljihunka kowace shekara kafin kamfani ya sa hannu, sau da yawa dala dubu ɗaya da wani abu zuwa dubu uku ko fiye. Bayan shi kuma akwai kason da za ka riƙa biya a kan kowane zuwa asibiti. Doka ta sa iyaka: a 2024 iyali ba zai wuce dala 18,900 a shekara daga aljihunsa ba, muddin ya tsaya a asibitocin da kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su. Ga lafiyayyen gida wannan iyaka adadi ne a takarda. Ga gidan da ke da mai sikila, wanda zai iya kwanciya sau biyu ko uku a shekara, kuɗi ne da ya kamata a sa a kasafi tun watan Janairu. Sannan ga neman izinin kamfani kafin wasu magunguna da gwaje-gwaje, likita ya rubuta, wani ma'aikaci a ofis da bai taɓa ganin yaron ba ya ce a'a, a shiga ɗaukaka ƙara ta waya.

Da a ce kafin 2014 ne, da ban ɓata bakina ba, da na ce mata kada ta soma. A wancan lokaci kamfani yana iya ƙin sayar wa mutum inshora saboda yana da tsohon ciwo, ko ya ninka masa kuɗi. Dokar da Barack Obama ya sa wa hannu a 2010, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a 2014, ta hana wannan, ta kuma bar yaro a kan inshorar iyayensa har ya kai 26. Marasa inshora sun ragu daga kusan kashi 16 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 8, wato mutum miliyan 26 a 2023. Amma Kotun Ƙoli a 2012 ta bar wa jihohi zaɓin faɗaɗa Medicaid, jihohi goma har yanzu sun ƙi, Texas na ciki. A can kusan mutum ɗaya cikin shida ba shi da inshora, ya fi ko'ina a ƙasar. Ita dai albashinta ya wuce iyakar Medicaid, don haka katin wurin aiki shi ne gatan yaron. In aikin ya tafi, katin ya tafi. Doka ta yarda ta ci gaba da riƙe shi har wata 18, amma ita za ta biya duka, har da kason mai aikin, a daidai lokacin da ba ta da albashi. Sashen gaggawa ba zai kore ta ba, dokar 1986 ta hana, sai dai takardar biya za ta iso bayan mako biyu. An kiyasta Amurkawa kimanin miliyan 20 suna ɗauke da bashin asibiti, jimillarsa ta kai dala biliyan 220.

Yanzu bari in yi wa kasuwa adalci, domin masu kare ta ba wawaye ba ne. Wanda ke da inshora mai kyau a Amurka yana ganin ƙwararren likita cikin kwanaki, a ɗauki hotonsa gobe, a yi masa tiyatar gwiwa cikin makonni. Birnin Houston na Texas na da tarin asibitoci da babu kamarsa a duniya, da asibitin yara da ke da babban sashen sikila, ga 'yan Najeriya birjik a garin. Sababbin magunguna da yawa a Amurka ake ƙirƙiro su, kuma tsadar da Amurkawa ke biya tana daga cikin abin da ke jan masu zuba jari zuwa bincike. Hujjarsu ita ce abin da aka ce kyauta ne ana wasa da shi, kuma inda babu gasa babu mai gaggawar faranta maka. A inda mutum yake da lokacin yin ciniki, hujjar tana tsayawa. Tiyatar gyaran ido da ake yi da hasken lesa, wadda inshora ba ta cika biya ba, farashinta bai yi tashin gwauron zabin sauran ayyukan asibiti ba, saboda mai so yana zagaya shaguna ya taya. A Indiya asibitoci masu zaman kansu irin Narayana a Bangalore da Aravind a Madurai sun sauko da kuɗin tiyatar zuciya da ta yanar ido ƙasa warwas ta hanyar yin aiki da yawa a tsare. Mutanenmu da ke tafiya Indiya da Masar neman magani wannan kasuwar suke bi.

Matsalar ita ce yawancin ciwo mai cin kuɗi ba ya ba ka damar tayawa. Masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya bayyana wannan tun 1963. Mai sayen atamfa a Kantin Kwari ya san ranar da zai saya, ya san abin da yake so, yana iya shafa ta ya ajiye ya wuce shago na gaba. Uwar da ɗanta ke murƙususu da ƙarfe biyu na dare ba ta zaɓi ranar ba, ba ta san kuɗin ba, mai sayarwa ne yake gaya mata abin da za ta saya, kuma ba za ta iya cewa albarka ta tafi ba. Kamfanin inshora kuwa ribarsa tana wajen tara lafiyayyu da kauce wa marasa lafiya, wato wanda ya fi buƙatarsa shi ne wanda ya fi gudu. Shi ya sa ko a Amurka sai da doka ta tilasta masa.

An gwada abin a aikace har sau biyu, kuma sakamakon bai yi wa kowane ɓangare daɗi gaba ɗaya ba. Daga shekarun 1970 zuwa 1982 cibiyar bincike ta RAND ta raba dubban iyalai, wasu magani kyauta, wasu su biya kaso. Masu biya sun rage zuwa asibiti sosai, kuma galibinsu lafiyarsu ba ta taɓarɓare ba, abin da masu kasuwa ke kafa hujja da shi ke nan. Amma sun rage zuwan da ya zama dole tare da wanda ba dole ba, domin mara lafiya ba ya iya bambancewa, kuma matalauta masu hawan jini sun cutu. A 2008 jihar Oregon ta raba gurbin Medicaid ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara biyu waɗanda suka samu ba su nuna wani babban bambanci a hawan jini ko suga ba, amma bashin da ke rusa gida ya kusa ɓacewa a cikinsu, ciwon damuwa ma ya ragu. Ni abin da na ɗauka daga nan, babban aikin inshora shi ne kada ciwo ɗaya ya cinye gida da gona.

In aka zo lissafin ƙasa baki ɗaya, Amurka ba ta da bakin magana. A 2023 ta kashe dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, kashi 17.6 cikin ɗari na dukiyar da ta samar, dala 14,570 a kan kowane mutum. Birtaniya tana kashe wajen kashi 11, kuma a kan kowane mutum bai kai rabin na Amurka ba. Duk da haka Ba'amurke a matsakaici yana rayuwa shekara 78 da 'yan watanni, ɗan Birtaniya kusan 81. Ba duka laifin asibiti ba ne, akwai bindiga da ƙwaya da haɗarin mota da ƙiba. Kuma ba wai Amurkawa sun fi zuwa asibiti ba ne. Kowane abu ne ya fi tsada a can, daga allurar insulin zuwa kwana ɗaya a gado, ga rundunar ma'aikata da aikinsu kawai rubuta takardun biya da musanta su.

Wani abu da masu gardamar ba su cika son faɗa ba: ƙasashen biyu duk sun gauraya. Kusan rabin kuɗin lafiyar Amurka gwamnati ce ke biya, kuma asibitocin tsofaffin sojojinta na gwamnati ne tsantsa, irin na Ingila sak. A Ingila kuwa likitocin unguwa yawancinsu 'yan kwangila ne masu zaman kansu, kuma kamar mutum ɗaya cikin goma yana da inshorar kuɗi a gefe don tsallake layi. Jamus ta bi ta tsakiya tun zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck a 1883: a yau dole kowa ya yi inshora, mafi yawa suna cikin asusu, a cire kashi 14.6 na albashi da ɗan ƙari, a raba tsakanin ma'aikaci da mai aiki, amma asusun ba na gwamnati ba ne, asibitoci da likitoci da yawa masu zaman kansu ne. Layinsu bai kai na Ingila ba, bashinsu bai kai na Amurka ba, sai dai suna biya da tsada, sun fi Ingila kashe kuɗi. Wannan ya nuna min tambayoyi biyu ne aka cusa a buhu ɗaya. Wa ke da ginin asibitin, wannan ana iya sasantawa. Wa ke biya ranar da ciwo ya zo, kowa da kowa tun kafin ranar ko kuwa mai ciwon shi kaɗai, wannan ita ce mai kashewa da rayawa.

Akwai misali da ya shafi yaron kai tsaye. A watan Nuwamba 2023 Birtaniya ta zama ƙasa ta farko da ta amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin halittar mai sikila. Amurka ta biyo baya a Disamba, da farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. A Ingila amincewa daban, biya daban. Akwai hukumar NICE, da aka kafa a 1999, wadda ke auna ko amfanin magani ya kai kuɗinsa, kuma shekaru da dama ma'auninta ya kasance tsakanin fam 20,000 zuwa 30,000 a kan kowace shekarar lafiya da maganin zai ƙara wa mutum. Da farko ta ce hujja ba ta isa ba. Aka yi ciniki a asirce da kamfanin, sai a Janairu 2025 ta yarda a ba waɗanda suka kai shekara 12, masu ciwo mai tsanani, da ba su sami wanda zai ba su ɓargo ba. Sun jira sama da shekara, amma wanda ya cancanta ba zai biya ko fam ɗaya ba. A Amurka maganin yana nan tun ranar farko ga wanda inshorarsa ta yarda. Duk gardamar tana cikin wannan labarin ɗaya.

Mu da ke nan gida muna sauraron wannan musu kamar ba da mu ake ba, alhali mun fi Amurka zama a kasuwa. A Najeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya daga aljihun mara lafiya yake fita a ranar ciwo. Asibitin sunansa na gwamnati, amma kai za ka sayi kati, ka sayo safar hannu da ruwan ƙari a kemis ɗin waje, ka nemo mai ba da jini. A Abuja shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alkawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya a 2001, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Dokar 2022 ta ce inshorar lafiya dole ce ga kowa, Kano da wasu jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, amma yawancin masu kati ma'aikatan gwamnati ne. Ghana ta kafa nata asusun a 2003 don kawar da tsarin biya kafin a taɓa ka. Nijar ta ce kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu haihuwa ta tiyata tun 2006, sai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci, bashi ya taru, magani ya ƙare a kanta. Kyautar da ba a tanadi kuɗinta ba, takardar zuwa kemis ce kawai. Shi ya sa 'yar yayata, da ta ga iyaye suna sayar da awaki a kan leda biyu ta jini, ta san abin da take tambaya.

Ga abin da na gaya mata. Da ita kaɗai ce, lafiyayyiya, tana son ta tara kuɗi cikin shekara biyar ta gina gida ta dawo, da Texas na ce. A 2025 nas mai farawa a NHS tana ɗaukar wajen fam 31,000 a shekara, haya da haraji su cinye mafi yawa, har ta kai ma'aikatan jinyarsu sun shiga yajin aiki a Disamba 2022. A Amurka matsakaicin albashin nas ya haura dala 90,000. Ko an cire mata dala dubu ashirin na lafiyar yaron duk shekara, a takarda za ta fi samun saura. Ban ɓoye mata wannan ba.

Amma lissafin takarda yana tsayawa ne in komai ya tafi daidai: ba ta yi ciwo ba, ba ta saɓa da kamfanin da ya kai ta ba, ba ta rasa aiki a watan da yaron ke kwance ba. Uwar mai sikila kuwa ita ce ma'aikaciyar da ta fi kowa neman izinin fashi. A Ingila in ta canza asibiti, ko ta rage awannin aiki don jinya, maganin yaron ba ya motsi, muddin bizarta na nan. Kuma layin da ke cin mutane a can ya fi cin masu jiran tiyatar ƙugu da gwiwa da ido. Yaro mai sikila da ke hannun ƙwararru yana da ranakunsa a rubuce. Saboda haka na ce mata Ingila, da sharaɗi ɗaya: kada ta sa hannu sai ta tambayi nisan garin da cibiyar sikila mafi kusa, in ya wuce tafiyar awa guda ta nemi gurbi a Manchester ko Birmingham ko da hayar ta fi tsada. Ta kuma tanadi kayan sanyi na gaske tun kafin su sauka, domin sanyin can kaɗai ya isa ya tayar da ciwon.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Kawu, in kuma zuciyata ta ƙi, ta ce Texas?"

Na ce to ta rubuta wa kamfanin, su amsa mata a rubuce kafin ta sayi tikiti: ranar da inshorar za ta fara aiki, domin doka ta yarda mai aiki ya jinkirta har kwana 90, kuma sikila ba ta san kwana 90 ba, nawa ne didaktibul na iyali da iyakar abin da za ta biya a shekara, ko asibitin yara na garin yana cikin waɗanda suka ƙulla da su, da kuma nawa za su ci ta tara in ta bar kwangilar kafin wa'adi. Ta ɗauko biro daga jakarta, ta juya bayan takardar Texas ɗin, ta ce in maimaita a hankali.